Tsohon Injin Niƙa Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

A garuruwanmu, daga Birnin Tsaba zuwa Zurmi da Shinkafi, wata ɗabi'a ta samu gindin zama: da zarar injin niƙa ya fara hayaƙi ko ya ƙi tashi, sai a kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli, su saye shi da kilo kamar ruɓaɓɓen kwano. Wannan ɓarna ce, kuma mata da yara ne ke biyan kuɗinta.

Mu dubi abin da ake zubarwa. Injin Lista mai tafiyar hawainiya, wanda kamfanin Lister na garin Dasli a Ingila ya fara ƙerawa wajajen 1930, bai daina fitowa daga masana'antarsa ba sai 1987, kuma har yau ana ƙera irinsa a Rajkot ta Indiya. Juyi 650 kacal yake yi a minti ɗaya, shi ya sa ba ya saurin cinyewa. Gangar jikinsa zubin ƙarfe ce mai nauyi. Abin da ke mutuwa a cikinsa ƙananan kaya ne: ringi, boris, nozul, bel da farantan niƙa. Duk ana canza su, kuma kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da irin wannan harka suka yi suna.

Masu cewa sabon ƙaramin inji mai shan fetur ya fi araha suna da hujja, domin man gas ma ba shi da sauƙi. Sai dai araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin niƙa ya hau, kuma injin da ke gudu da sauri yakan riga mai natsuwa tsufa. A yankin da rashin tsaro ya sa tafiya ta zama kasada, garin da injinsa ya mutu ya jefa matansa tsakanin turmi da hanya. Injin da makanikin unguwa zai iya kwancewa a zaurensa ya fi wanda sai an kai shi Gusau.

Amma akwai wasu masu laifin: waɗanda ke shafa wa mataccen inji koren fenti su kai shi kasuwa. Wannan ha'inci ne. Gyaran gaskiya daga ciki yake farawa. A kwance, a wanke da kananzir, a kankare tsatsa, a canza abin da ya cinye, a zuba sabon baƙin mai, a gwada shi da hatsi. Fenti shi ne na ƙarshe, aikinsa hana tsatsa, kuma kada ya taɓa inda gero ko dawa ke bi, domin wasu fentin na ɗauke da dalma.

Mu Zamfarawa mun san illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gari, har da injinan niƙan hatsi. Saboda haka duk mai sayen tsohon inji ya binciki abin da ya taɓa niƙawa. Wanda ya ci dutse ya haramta ga tuwo, komai kyan fentinsa.

Ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta mai da farfaɗo da irin waɗannan injina aikin ɗalibanta, tare da makanikai da masu walda na karkara. Mu kuma masu takardar digiri mu daina ƙyamar baƙin mai a hannu. Kafin a sake ɗora wani inji a sikeli, a bari makaniki ya buɗe shi tukuna.