Shekara bakwai kafin a sayar da kwalba ɗaya

Yau zan kai ku Labanon, wurin wani iyali da suke yin ruwan inabi. Na san wani zai ce, "Fasto, ina ruwanmu da wannan, mu da ba ma sha?" Gaskiya ne, ba ina kiran kowa ga sha ba, kuma gargaɗin Littafi Mai Tsarki a kan buguwa yana nan daram. Abin da nake so mu duba shi ne yadda mutanen nan suke riƙe da aikin hannunsu.

A shekarar 1930 wani saurayi mai suna Gaston Hochar ya kafa Château Musar a garin Ghazir, arewa da Bairut. Gonakin inabinsu kuwa suna can Kwarin Beka'a, a hayin duwatsun Labanon, a tudu mai tsawon wajen mita 1,000. Ɗansa Serge ya je Bordeaux a ƙasar Faransa ya yi karatun sana'ar, ya kuma karɓi ragamar aikin a 1959. Ya rasu a ƙarshen 2014, amma har yau gidan yana hannun zuriyarsu.

Ga yadda suke yin jan ruwan inabinsu. Da hannu ake tsinke 'ya'yan inabin. A zuba su a manyan tankunan siminti, a bar yistin da ke jikin ɓawonsu ya yi aikinsa. Daga nan ruwan ya yi wajen shekara guda a gangunan katako. A shekara ta uku ake haɗa ruwan iri uku na inabi, a ɗura a kwalba ba tare da an tace ba, a ajiye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Sai shekara bakwai ta cika daga girbi kafin a kai kasuwa.

Ku tsaya ku yi lissafi. Wanda ya yi girbi bana ya biya ma'aikata, ya biya mota, ya sayi kwalabe, amma ba zai ga kuɗin wannan girbin ba sai yaron da aka haifa bana ya shiga firamare.

Sa'an nan yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, bai ƙare ba sai 1990. Hanyar da ke tsakanin gona da wurin matsa inabin ta cika da shingayen mayaƙa. Duk da haka motocinsu sun ci gaba da haye duwatsu da kaya. A 1976 girbin ya salwanta, amma ba su rufe gidan ba. Da kasuwar gida ta mutu, Serge ya ɗauki kayansa ya kai baje koli a Bristol ta Ingila a 1979, kuma daga nan duniya ta san su.

Ra'ayina shi ne: sana'ar da aka gada a gida dukiya ce, kuma gaggawa ce babbar abokiyar gabarta. Da yawa a cikinmu muna jin kunyar aikin iyayenmu, ko noma ne, ko kiwo, ko ɗinki. Muna son abin da za mu shuka da safe mu girbe da yamma. Wannan halin ne yake tura matashi cacar ƙwallo a waya, ko ya zuba kuɗin makarantarsa a hannun masu alkawarin ninka shi cikin mako biyu. Na zauna da iyayen da wannan ya sa su hawaye, shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa.

Wani zai ce gado yana iya zama sarƙa, yana hana mutum ci gaba. Akwai gaskiya a ciki, domin ba kowane ɗa ne aka kira ga aikin ubansa ba. Amma ku lura da Serge. Bai zauna yana maimaita abin da ya tarar kawai ba. Ya fita ya nemi ilimi, ya dawo da shi gida, ya riƙe abin da ya cancanci riƙewa. Karatu bai raba shi da gonar ba, ƙarfafa ta ya yi.

Ba banza ba ne Ubangijinmu, a Yohanna sura 15, ya ɗauki kurangar inabi ya yi mana misali da ita. Kuranga takan yi wajen shekara uku kafin ta ba da amfani na kirki, kuma kowace shekara sai an datse rassanta. Haka halin kirki yake, haka aure, haka sana'a.

A wannan makon, ka zauna da babanka ko mamarka, ka tambaye su yadda suka koyi aikin da ya ciyar da kai. Ka saurara har ƙarshe. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar jira da hannun aiki. Amin.