Kada mu kulle tsofaffinmu a ɗaki mai duhu da sunan hutu

A ƙasar Hausa da ta Abzin, idan tsoho ya fara mantuwa, yana wuni yana gyangyaɗi, da dare kuma ya tashi yana laluben ƙofa, sai mu ce gigin tsufa ne. Mu shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki, mu hana shi fita, mu ce ya huta. Niyyar mai kyau ce, amma ina ganin wannan hutun yana ƙara masa ciwo, domin muna raba shi da abin da ƙwaƙwalwarsa take buƙata kullum, wato hasken safiya da motsa jiki.

Kowane ɗan Adam yana da agogo a jikinsa. Can cikin ƙwaƙwalwa, saman wurin da jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan gungu mai ƙwayoyin halitta kusan 20,000. Shi ke tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki cikin awa 24. Hasken da ya shiga ido da safe shi ke saita agogon, duhun dare kuma ya sa jiki ya saki sinadarin melatonin mai kawo barci. A 2017 an ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young na Amurka lambar Nobel saboda gano yadda wannan agogo yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Me ya haɗa shi da cutar mantuwa? A 2013 ayarin Maiken Nedergaard na Jami'ar Rochester ya nuna a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ƙwaƙwalwa ta fi wanke dattinta, har da sinadarin amiloyid da ke taruwa a kan masu cutar Alzheimer. A 2018 masana a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gano cewa mutanen da cutar ta fara kamawa a ɓoye, tun ba su soma mantuwa ba, barcinsu da farkawarsu sun riga sun daddatse. A 2021 kuma wani bincike da ya bi ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 na tsawon shekara 25 ya nuna cewa waɗanda suka dawwama a kan barcin awa 6 ko ƙasa da haka, daga shekara 50 zuwa 70, haɗarin kamuwarsu ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100.

Abin da likitocin Turai suke nema wa tsofaffinsu da kuɗi, mutanen Timia suna da shi kyauta. Wannan gari na Kel Ewey yana cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. Mai garka yana sammako ya ba lemu da rumman da dabino ruwa kafin rana ta take. Mata suna bin awaki cikin kwari. Madugai suna kai raƙuma Bilma ɗauko gishiri, su gangaro ƙasar Hausa neman hatsi. Rana ce take tashin mutum, duhu ya kwantar da shi. Ranar da muka ce wa dattijo ya daina zuwa garka, muka mai da shi ɗaki mai ƙaramar taga, ranar muka fara ɓata masa agogo.

Wani zai ce tsufa ba ya da magani, kuma wataƙila cutar ce take lalata barcin tun farko. Gaskiya ne, cutar tana cin agogon kansa, shi ya sa masana suke kallon abin a matsayin hanya mai zuwa da dawowa: cuta ta ɓata barci, rashin barci ya taimaki cuta. Hasken rana ba ya warkar da Alzheimer. Amma a 2008 an ƙara hasken ɗakunan zama da rana a gidajen kula da tsofaffi a Holan, aka ga raguwar tunaninsu ta ɗan yi sauƙi, baƙin ciki ma ya ragu. Ribar kaɗan ce, to amma ga iyalin da tsohonsu ke hana su runtsawa, kaɗan ɗin ma abin godiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ke nan matsalar tamu ce.

Iyaye, aikin ba mai tsada ba ne. A fito da tsoho tsakar gida da hantsi. In yana iya takawa, a haɗa shi da jika su je garka su dawo. A riƙa ba shi abinci a kan lokaci ɗaya, a taƙaita barcin rana, a rage masa shayi mai kauri bayan la'asar. Masu wannan cuta sukan fi ruɗewa da magariba, har tsohuwa ta ce za ta tafi gida alhali tana gidanta. Wannan alama ce da likitoci suka sani. Kada a ce aljanu ne ko maita, kada a ɗaure ta. A kunna mata fitila, a yi mata magana a hankali, a kai ta asibiti a duba hawan jini da suga da ji da gani.

Malamai kuma, ku ne kuke ganin yaron da ke gyangyaɗi a aji saboda ya kwana kan wayar salula. Sola ta kawo mana haske, mun gode, amma ta ci wani ɓangare na darenmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku koya wa ɗalibai yadda agogon jiki yake a darasin kimiyya, ku ba su aikin gida su rubuta lokacin da kakanninsu suke kwanciya da tashi har mako guda. Yaron da ya gane dalilin yawon daren kakarsa ba zai yi mata dariya ba, gobe da safe shi zai ɗauko mata kujera ya ajiye inda rana take faɗowa.