Daɓenka Rufin Wani Ne

A wannan makon zan fasa ƙwai a kan kaina ne, don abin da zan ba ku labari ya ci mini kuɗi, ya kuma kusa raba ni da maƙwabci mai mutunci.

Shekara goma sha tara na yi ina haya a New Bell, nan Duwala, kafin Allah ya hore mini na sayi wuri nawa. Fili a cikin gari ya fi ƙarfin irinmu, don haka na yi abin da 'yan kasuwa da yawa ke yi yanzu a Kwatano da Lome da Abijan: na sayi ɗaki uku da falo a hawa na uku na wani bene mai masu gida goma sha biyu. Ranar da aka miƙo mini makulli na ce alhamdulillahi, na rabu da fitinar mai gida. Ashe na shiga wata irin tarayya ce da ban san kanta ba. Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun san iyakarmu katanga ce, abin da ke ciki naka, na waje na wani. A bene kuwa daɓen ɗakinka shi ne rufin na ƙasa da kai, bututun da ke kai maka ruwa ta bangon wani ya biyo.

Da daminar bara na yi tafiya saro kaya, uwargida kuma ta ɗebi yara sun tafi biki Garwa. Wani ɗan bututu a ƙarƙashin wurin wanke hannu na banɗakinmu ya tsage. Kwana huɗu ruwa na tsiyaya ba kowa a gidan. Ya cika banɗaki, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya sami hanya ta cikin dakin ya sauka wa na ƙasa da mu, wani dattijo malamin makaranta da ya yi ritaya. Silin ɗinsa ya rufto a falo, kujeru sun jiƙe, littattafan da ya tara tun yana saurayi sun zama kamar kunu. Ni kuma a ɗakin baƙi na jibge bandir-bandir na shadda da nake jiran sallah ta ƙarato in kai shago, na ƙasan duk sun sha ruwa.

Da na dawo ban wani tayar da hankali ba. Na ce ai muna biyan kuɗin hidimar gida duk wata uku, kuma na sha gani a takardar an rubuta asirans, wato inshora. Na tafi wurin sandik, mutumin da masu gida suka ɗora wa kula da benen, na ce to Malam, a kira kamfani su zo su biya. Ya dube ni, ya jawo fayil, ya ce Alhaji zauna tukuna.

Abin da ya nuna mini shi ne abin da nake so kowane mai irin wannan gida ya sani. Doka ta raba bene gida biyu. Akwai abin da ke na kowa da kowa: tushen gini, ginshiƙai, rufin sama, matakala, tankin ruwa, babban bututu, fitilun farfajiya. Akwai kuma abin da ke naka kai kaɗai: cikin ɗakunanka, tayil, fenti, ƙofofin ciki, wayoyin wuta da bututun da suka rabu da babban layi suka shigo wurinka. A nan Kamaru dokar da ta tsara wannan tarayya ta watan Disamba ce na 2010, kuma kowane bene yana da kundin ƙa'idarsa da ke fayyace ina na kowa ya tsaya, ina naka ya fara. An ba ni kundin ranar da na sa hannu a gaban noter. Wallahi ko buɗe shi ban yi ba, yana cikin akwati tare da takardun haihuwar yara.

Inshorar da muke tara wa kuɗi ta na kowa da kowa ce. Da babban bututu ne ya fashe, ko rufin sama ya yi yoyo, da ita za ta tsaya. Amma bututun da ya tsage nawa ne, ruwan daga wurina ya fito, don haka ɓarnar da ya yi wa dattijon a wuyana take. Jaka ɗari takwas da hamsin na biya, ban da shaddata. Littattafan kuwa babu kuɗin da zai dawo da su. Mutumin bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan haka na zauna da wani dillalin inshora ya yi mini karatun abin tun daga farko. Mai gida a bene yana bukatar tasa takardar, daban da ta gini. Ɓangare ɗaya nata yana kare kayanka da gyaran da ka yi a ciki daga gobara da ruwa, wani lokaci har da sata in ka nema. Ɗaya ɓangaren, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne wanda ke biyan ɓarnar da ta tashi daga wurinka ta shafi wani. Kujerunka in sun ƙone ka san iyakar asararka. Amma in tukunyar gas ta tashi a kicin ɗinka wuta ta haura hawa biyu, ko tukunyar fulawa ta faɗo daga baranda kan motar wani, ko kan ɗan wani, Allah ya kiyaye, wa ya san inda lissafin zai tsaya? Kuma wanda ya sa ɗan haya a wurinsa ya koma gida Kano ko Maraɗi, kada ya ɗauka ya fita. In tsohon bututu ko tsohuwar waya ce ta jawo abin, mai gida za a nema.

Mu da ke ƙasashen sefa muna da sauƙi ɗaya: dokar inshora guda ce. Kamaru, Nijar, Cadi, Benin, Togo, Kodebuwa, Gabon da sauransu duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi na Duwala da na Kwatano daidai wa daida. Tun 2011 ƙa'ida ita ce sai ka biya kuɗin inshora sannan kariya ta fara. Mu 'yan kasuwa mun saba da "rubuta, zan kawo ran Juma'a". To a nan babu wannan. Shi ya sa ma ya kamata ka tambayi sandik ya nuna maka rasidin bana na inshorar gini, ba na bara ba. A benenmu mun gano mutum huɗu sun yi shekara ba su biya kuɗin hidima ba, kuma da kuɗin ne ake sabunta takardar.

Sai batun lokaci. In abu ya faru, yawancin takardu kwana biyar na aiki suke ba ka ka sanar da kamfani, sata kuwa awa 48. Ka duba yadda muke rayuwa: maigida yana Guwanzu ko Dubai sati uku, matar gida ba ta san ma akwai takardar ba, balle inda take. Yanzu tawa tana da hoton takardar a wayarta da lambar dillalin, ta kuma san ta ɗauki hoton ɓarna kafin a taɓa komai. In abin ya yi yawa a kira wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke zuwa ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Wurin da ya fi kama mu shi ne kayan sayarwa. Wane ne a cikinmu bai mai da ɗaki ɗaya sito ba? Bayan gobarar babbar kasuwar Lome a Janairun 2013, da ta Kantamanto a Akara a Janairun 2025, mutane da yawa sun ƙara jin tsoron barin jarinsu duka a kasuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai inshorar gidan zama ba ta san dilar atamfa ba. In ka ce wa kamfani gidan kwana ne alhali rabinsa sito ne, ranar da abu ya faru za su iya rage abin da za su biya, in kuma suka tabbatar da gangan ka ɓoye, takardar gaba ɗaya ta rushe. Kundin wasu benayen ma ya hana ajiye kayan kasuwa sam, musamman turare da man shafawa da duk abin da wuta ke so. Haka nan rage ƙima don kuɗin shekara ya yi sauƙi: in kayanka na miliyan goma ne ka rubuta biyar, gobara ta ci na miliyan huɗu, biyu za a ba ka, don rabi ka sa a inshora.

Na san wasu tun ɗazu suna cewa, to halaccin abin fa? Tambaya ce ta gaskiya, ni ma na yi ta. Majalisar fiƙihu ta Jidda a 1985 ta ƙi amincewa da inshorar kasuwanci da muka sani, ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful, inda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a ɗauki nauyin wanda abu ya sama. Najeriya tana da kamfanonin takaful, CIMA ma ta fitar da ƙa'idarsa a 2019, ko da yake ba a kowane gari za ka samu ba. Ni ba malami ba ne, kowa ya je wurin malaminsa. Abin da na gaya wa nawa shi ne, ba kujeruna nake ji ba, haƙƙin mutumin da ke kwana a ƙarƙashin daɓena nake ji, wanda in na jawo masa asara ba lalle in iya biya daga aljihuna ba.

Akwai taron masu gida da ake yi duk shekara, wanda da nake ƙin zuwa don da Faransanci ake yi kuma ana daɗewa. A can ake yanke wane kamfani, nawa za a kashe, a gyara rufi ko a bari. Bana na je da babban ɗana yana fassara mini inda na kakare. Na nemi a sa wa kowane gida makunnin ruwa a waje, kusa da matakala, yadda mai gadi zai iya rufewa in ba kowa. An amince, kuma dattijon nan ne ya fara ɗaga hannu. Yanzu in za mu yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, sai an rufe ruwa da gas, makulli ɗaya kuma yana wurinsa.