Ƙaiƙayin matsematsi: kunya ce ke ba shi wurin zama

Yau maganar da ba a so ce za mu yi.

Daga Afrilu zuwa tsakiyar damina, ana fama da zafi, zufa ba ta bushewa. Ɗan kabu-kabu ya wuni bisa babur, ɗan ƙwallo ya kwana da gajeren wandon leda, sai ƙaiƙayi ya kama matsematsi. Nan take mutum ya yanke wa kansa hukunci: ciwon sanyi ne, ko sammu. Alhali galibi wani ƙwayar cuta ce dangin makero, wadda likitoci ke kira shampinyon. Ɗumi da laima take so. Tana bin tawul da wandon aro, tana tasowa daga tsakanin yatsun ƙafa idan an sosa can an sosa nan. Mai ƙiba da mai ciwon suga sun fi kamuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne man shafawar da ake saye wurin masu tallan magani a kasuwa. Da yawansu akwai kortizon a ciki, betametazon ko klobetazol, irin na man bilicin. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, ka ce ka dace. Ina! Cutar na can tana faɗaɗa, fata ta yi siriri, kuma da'irar nan mai jan baki da ɓawo, wadda likita ke gane ta da ita, ta ɓace. A Indiya wannan ɗabi'a na cikin abin da ake zargi da yaɗuwar wani nau'i da aka raɗa wa suna a 2020, wanda sau da yawa ba ya jin terbinafin.

Ba kowane ƙaiƙayi ba ne shampinyon. Ƙazuwa ta fi tashi da dare, ta bi duk gidan. Akwai kuma na bakteriya, maganinsa daban. Shi ya sa sai an duba. Majo na CSI zai kalli wurin, ya duba ƙafa, ya yi tambaya. In da shakku, ana kankare ɗan ɓawon fata a duba da madubin likita, ba zafi ba jini. In yana dawowa, a auna suga.

Ga majojinmu kuma: a sa labule, a rage murya. Wanda ya san za a ji sirrinsa a layin jira, kasuwa zai koma. Mai zuwa asibitin gundumar Dakoro ko CSI, ya tafi da bututun man da ya riga ya shafa.