Idan Baba Ya Tafi da Kai Masar, Kada Ka Dawo da Hotuna Kaɗai



Dogon hutu ya kusa. Yawancinmu ƙauye za mu je, ko mu zauna a gida muna taya iyaye aiki. Amma wani lokaci akan sami ɗaya a cikinmu da Baba ko Mama za su tafi da shi ƙasar waje. Galibi wata buƙata ce ke kai iyayenmu: ganin likita, saro kaya, ko duba yayanmu da ke karatu. Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, babban birnin Masar, saboda waɗannan dalilai, shi ya sa muka ɗauke ta misali.

Ra'ayinmu a ƙungiyar 'yan jarida shi ne: wanda ya sami wannan dama ya zaɓi wurare uku kacal, ya san labarinsu tun kafin ya hau jirgi, kuma ya tsara zuwansu daidai da ƙarfin wanda ya kawo shi.

Me ya sa uku? Alƙahira gari ne mai cunkoson motoci, tafiyar da ka ɗauka ta kusa ce sai ta cinye maka awa guda. Ga zafin rana a watannin Yuli da Agusta. Ga kuma aikin da ya kai iyayenka can, wanda shi ne kan gaba. Idan ka matsa sai an je wuri goma, Baba zai gaji, ransa ya ɓaci, ranar uku ya ce kowa ya zauna a ɗaki.

Wuri na farko da muka zaɓa shi ne dalolin Giza. Mu da muka ji labarin dalar gyaɗa a Kano, ga ta dutse. An gina babbar cikinsu wa Fir'auna Khufu kimanin shekaru 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma an jera duwatsu sama da miliyan 2 wajen ginin. Wanda ya san wannan zai tsaya ya tambayi kansa yadda aka ɗaga duwatsun babu mota babu inji. Wanda bai sani ba zai ɗauki hoto ya ce yunwa yake ji. Ku je da sassafe, ku riƙe ruwa da hula. Hanyar shiga cikin dalar ƙunci gare ta, sai an sunkuya ana hawa, don haka kada ka tilasta wa mai ciwon gwiwa ko ciwon baya ya bi ka. Idan kana son hawan raƙumi, bari Baba ya gama ciniki da mai shi tukuna, a yarda da kuɗi da tsawon lokaci kafin ka hau.

Na biyu, Masallacin Azhar da kasuwar Khan al-Khalili, domin suna kusa da juna, fita ɗaya ta isa. An fara gina Azhar a shekarar 970, kuma har yau ɗalibai daga ƙasarmu suna karatu a jami'arta. Dangantakar yankinmu da wannan gari ta daɗe. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem ke da makaranta da masauki nasu a Alƙahira, kuma a shekarar 1324 Mansa Musa na Mali ya yada zango a can a hanyarsa ta zuwa Hajji. Ku sa tufafin kamala, a cire takalmi, kada a ɗauki hoton mutum ba tare da izininsa ba. A kasuwa kuwa, ka zuba ido ka ga yadda Mama ke taya kaya. Darasin lissafi ne kyauta, musamman idan kai ne ke juya fam na Masar zuwa naira.

Na uku, gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a shekarar 2021, har da ta Ramsis na Biyu. Wurin a rufe yake, babu rana, don haka ya dace da ranar da iyaye suka gaji. A wannan yanki ne kuma ake da Masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko a Masar, da tsofaffin coci-coci na Kiristocin Kibɗawa. Ka tafi da katin makarantarka ka tambaya a wurin sayar da tikiti, domin wuraren tarihi da yawa suna yi wa ɗalibai rangwame.

Mun san wasu za su ce: an kashe kuɗin jirgi mai yawa, watakila ba za a sake zuwa ba, ai gara a ga komai. Maganarsu tana da hujja. To amma a gwada: a tambayi wanda ya zaga wuri goma a guje sunan guda biyar bayan wata ɗaya. Kuma kada mu manta, wanda ya fito daga ganin likita hutu yake buƙata. Idan lokaci ya rage, ku zauna tare a bakin Kogin Nilu da yamma, ku ci koshari, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake ana zuba musu miyar tumatir. Shi ma ganin gari ne.

Akwai ƙananan abubuwa da ke hana babbar matsala. Fasfo ya zauna a hannun babba. Ka sa a rubuta maka sunan masaukinku da Larabci a takarda, ka saka a aljihu tare da lambar wayar Baba. Duk inda kuka shiga, ku ajiye magana a kan inda za ku haɗu idan kun rabu. 'Yan mata su sani cewa jirgin ƙasan cikin gari yana da taragai na mata zalla. Masu Larabcin Islamiyya kuma kada ku ruɗe: mutanen Alƙahira “g” suke furtawa a wurin “j”, raƙumi a bakinsu “gamal” ne. Ku yi sallama ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Roƙonmu na ƙarshe: ka tafi da ƙaramin littafi da biro. Kowane dare ka rubuta abu uku da ka gani da tambaya ɗaya da ta tsaya maka a rai. A ajinku akwai da yawa da ba su taɓa ganin filin jirgi ba, kuma suna da haƙƙi a kanka. Idan an dawo hutu, mun ware maka fili a wannan allo. Kawo labari mu liƙa.