Ajiya Maganin Wata Rana

'Yan'uwana ɗalibai, bara na yi asarar aikin wata uku a wani shagon buga takardu a Sabon Tasha. Kwamfutar ta ƙone, ba kwafi ko ɗaya. Abin da ya ci ni ba zai bar ƙungiyarmu ba, muddin shafinta na intanet da rajistar ɗalibai na kwana cikin na'ura guda. A 2021 gobara ta cinye wani rumbun bayanai na kamfanin OVH a Faransa. Waɗanda kwafinsu ke cikin ginin suka tashi a tutar babu.

Saboda haka, shugabanni, a kwafe kome duk mako, a ajiye shi nesa, a riƙa gwada maido da shi tun kafin ranar kuka.