Filin Masu Sana'a: Haɗa Teburin Rauta A Shagon Kafinta

Tun daga shekarar 1996 da aka mai da Gombe babban birnin jiha, garin bai daina faɗaɗa ba, kuma kowane gida aka gina sai ya nemi ƙofa da taga da kwaba, kowace amarya za a kai sai an yi mata gado da madubi. Masu saye kuwa idonsu ya buɗe. Sun ga kayan ɗakin da ake kawowa daga Turkiyya da Sin, saboda haka ba su yarda da gefen katako a miƙe kamar na bencin makaranta. Ado suke so, mai lanƙwasa da tsagi, kuma ya fito iri ɗaya daga farkon gado har ƙarshensa. Injin da ke fitar da wannan ado shi ne wanda kafintoci ke kira rauta. In aiki kaɗan ne a hannu ake riƙe shi. In ya yi yawa kuwa sai a kifa shi a ƙarƙashin tebur, bakinsa ya leƙo sama ta wata kafa, a riƙa tura katako yana wucewa ta jikinsa.

To, a nan ne kafintan Jekadafari ko Pantami ko Bolari da ya tara 'yan kuɗinsa yakan yi tuntuɓe. Ya kalli bidiyon masassaƙan Amurka a wayarsa, ya ga tebur mai ƙyalli da na'urar ɗaga inji da ake murzawa daga sama, irin ta kamfanonin JessEm da Woodpeckers, sai ransa ya biya, ya aika a sayo masa daga Legas ko daga waje. Abin da bidiyon bai gaya masa ba shi ne, yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin su rungumi wani irin inji mai zagayayyen jiki na ƙasar Amurka, wanda ke cin wuta mai ƙarfin bolt 120. Wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce. Wanda ya jona irin wannan inji kai tsaye, hayaƙi ne rabonsa tun ranar farko. Wanda ya nemi taransifoma mai rage wuta kuma ya ƙara wa kansa kashe kuɗi da wani abin da zai iya lalacewa.

Lalle ne a fara da injin kansa, kuma a nemi na bolt 220 zuwa 240. Aikin tebur yana son mai ƙarfi, watau wat 1,800 zuwa 2,400. Alal misali akwai Makita RP2301FC mai wat 2,100, da DeWalt DW625 mai wat 2,000, da Triton TRA001 mai wat 2,400, wanda shi an yi shi ne da hanyar ɗagawa da saukewa daga saman tebur, har ma ya hutar da mai shi sayen waccan na'ura mai tsada. Amma suna ba shi ne abin dubawa na farko ba, balle ga jabu sun cika kasuwa. Abin dubawa shi ne injin ya kasance ana iya rage masa gudu, kuma ya kasance mai tashi a hankali idan an kunna shi.

Dalilin rage gudu lissafi ne mai sauƙi. Ƙaramin baki mai faɗin milimita 25, idan yana juyi 22,000 a minti ɗaya, gefensa yana tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai a awa. Babban bakin da ake fitar da allon tsakiyar ƙofa da shi, mai faɗin milimita 89, in aka ba shi wannan juyi, gefensa zai kai wajen kilomita 370 a awa. Babu mai hankalin da zai tsaya da cikinsa kusa da ƙarfe mai wannan gudu. Irin wannan baki ba a wuce juyi 10,000 zuwa 12,000 da shi, kuma injin da ba ya rage gudu bai dace da shi ba sam. Tashi a hankali kuwa janareto yake taimaka wa, domin inji yakan zuƙi wuta fiye da kima a lokacin tashinsa. Ƙaramin janareton nan na kunna fitila da fanka ba ya ɗaukar rauta. Ana bukatar wanda ƙarfinsa ya zarce na injin da rata mai kyau, mai daidaita wuta kuma, saboda allon da ke sarrafa gudu ba ya jimre wa wutar da ke hawa da sauka.

Maganar janareto ba ƙarin bayani ba ce a Gombe. Kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba jihar wuta, kuma mutane ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka shafe makonni cikin duhu. Amma ɗauke wuta na minti biyar ya fi wannan haɗari ga yatsun yaron shago. Ga yadda abin ke faruwa: ana cikin aiki sai wuta ta tafi, inji ya tsaya, makunninsa na nan a kunne a ƙarƙashin tebur inda ido ba ya gani. Yaro ya sa hannu yana share dusar katako daga bakin, ko ya ɗauko sifana zai canza shi, sai wuta ta dawo. Maganin wannan wani makunni ne mai maganaɗisu a ciki, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya sake tashi sai an danna shi da hannu. Kuɗinsa bai kai na baki ɗaya mai kyau ba. A kafa shi a gefen tebur inda gwiwa ko tafin hannu za su same shi ba tare da lalube ba. Duk teburin da ba shi da wannan makunni, komai tsadar sauran kayansa, bai gama haɗuwa ba.

Sai kuma wani tarko da ido ba ya ganinsa. Ƙotar baki tana shiga ne cikin wani ɗan zoben ƙarfe mai tsagi da ake kira kolet, a ɗaure da noti. Awon Ingila da Amurka rabin inci ne, watau milimita 12.7, ko rubu'in inci, milimita 6.35. Awon sauran ƙasashen Turai kuwa milimita 12 ne, ko 8, ko 6. Kasuwannin Nijeriya duka biyun suke karɓa, a cakuɗe cikin kwali ɗaya, mai sayarwa kuma sau da yawa bai san bambancin ba. Bakin milimita 12 zai shiga kolet ɗin 12.7 salin-alin, a ɗaure shi ya yi kamar ya kama, alhali tazarar nan ta kasa da milimita ɗaya ta isa ta sa ya zame a tsakiyar aiki, ya ɓata katako ko ya yi tsalle ya fice. Kafinta ya kamata ya je kasuwa da ma'aunin ƙarfe a aljihu, ya zaɓi awo ɗaya ya tsaya a kansa. Mai kauri ya fi ga aikin tebur, domin ƙotar rabin inci ta ninka ta rubu'in inci sau huɗu wajen yawan ƙarfe, ba ta rawa, ba ta saurin karyewa. Haƙoran kuma su zama na kabaid, tun da katako irin su iroko da kirya suna dakushe ƙarfen gama-gari nan da nan.

Fuskar tebur ita ce inda kafinta zai iya ceton kuɗinsa, domin sana'arsa ce. Abin da ake nema gare ta guda ɗaya ne, ta zama shimfiɗaɗɗiya ta kuma zauna a haka. Inji mai nauyin kilo shida yana rataye a tsakiyarta dare da rana, ga hunturun Gombe mai busar da katako har ya tsage, ga laimar watan Agusta mai kumbura shi. Allon garin katako da ake kira MDF sumul yake ranar da aka saye shi, amma in ruwa ya sami gefensa ya tashi ke nan. Falle biyu na filawud mai kauri milimita 18, a manne su, a lulluɓe sama da ƙasa da fomaika, a ɗaura katakai biyu a ƙasa kusa da ramin inji, zai yi shekaru yana aiki. Wanda ya lulluɓe sama kaɗai ya bar ƙasa tana shan iska, shi ya gayyato lanƙwasa da hannunsa. Farantin da ake ɗaure injin a jikinsa gara na alminiyam mai kauri kamar milimita 9 ko 10, na roba yakan lotsa da zafi. Tebur na zubin ƙarfe ya fi duka, sai dai ga nauyi, ga kuɗin mota, ga tsatsa da damina.

Shingen da katako ke bi ba ya bukatar surkulle. Ya miƙe, ya tsaya cak a kan tebur, ya ɗauru gam a gefe biyu, fuskarsa ta rabu biyu don a matso da su kusa da baki. Ana tura katako daga dama zuwa hagu, kuma ba a taɓa sa shi tsakanin shinge da baki, in ba haka ba inji zai fizge shi tare da hannun mai turawa. Ƙananan guntaye da sandar turawa ake bi da su.

Ƙura ma a yi mata tanadi. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta, a hanci musamman. A buɗe kafa a bayan shinge a jona mata injin zuƙa, ma'aikata su rufe hanci. Wanda kuma ya rufe injinsa ruf cikin akwati don tsabta, ya tuna da zafin Maris da Afrilu. Injin zai riƙa shaƙar ƙurarsa da zafinsa har ya ƙone, sai an bar masa mashigar iska.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai gyaran inji na unguwa ko ana samun kabon da boris da kolet na wannan samfuri a Gombe, ko a Kano in ta yi nisa. Kabon ƙarewa yake yi kamar takalmin birki, kuma ba ya tashi ƙarewa sai ana saura kwana uku a kai kayan amarya. A sayi na ajiya biyu tare da injin, a sa su cikin leda a rataye a jikin teburin.